PeriFlux 5000 a kan fata: abin da take gani da abin da ke ɓata mata awo

Duk mai son ganin yadda ƙananan jijiyoyin jini na fata ke buɗewa da tsukewa, ba tare da an tsaga fatar ba, da wuya ya yi nisa bai ci karo da PeriFlux System 5000 ba. Kamfanin Perimed na ƙasar Suwidin ne ya ƙera ta. Dabarar da take aiki da ita ta samo tushe daga aikin da wani mai bincike, Stern, ya wallafa a 1975, wanda masu bincike na jami'ar Linköping suka inganta a wajajen 1980 har ya zama na'urar da ake ɗorawa kan tebur. Tana da ƙanwa, PeriFlux 6000, wadda aka fi karkata ga asibitocin duba jijiyoyin ƙafa, amma 5000 ɗin ce ta daɗe a ɗakunan bincike, kuma ita ce mai neman ta hannu zai fi samu.

Hukuncinmu a kanta shi ne, wajen nuna canji ba ta ƙarya, amma ba ta san adadi ba. Wanda ya saye ta don ya ce jinin da ke ratsa fatar wane ya kai mililita kaza a minti ya yi asarar kuɗinsa. Wanda ya haɗa ta da hita, ya kuma tanadi ɗakin da zai iya riƙe zafinsa wuri ɗaya, shi ne zai ci moriyarta.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Hasken leza mai tsawon zango nanomita 780, wanda ya ɗan wuce jan da ido ke gani, yana bi ta wani siririn zaren gilashi ya shiga fata. Wani zaren a gefensa, tazarar milimita 0.25 a bakin da ake mannawa a fata, wato kan awo, na yau da kullum, shi ke kwaso hasken da ya dawo. Hasken da ya bugi nama mai tsaye yana dawowa yadda ya shiga. Wanda ya bugi jan ƙwayar jini mai tafiya kuwa, mitarsa takan ɗan sauya gwargwadon saurin ƙwayar. Daga wannan sauyi na'urar ke fitar da lamba ɗaya, wato yawan ƙwayoyin da ke motsi a ninka da matsakaicin saurinsu, ta kira ta PU. Wannan PU ba mililita ba ce, ba kuma wani ma'auni ba ne da ke da ma'ana a wajen na'urar. Zurfin da hasken ke kaiwa bai wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya ba, don haka duk abin da ake gani a allo labarin ɗan nama ne da bai kai ƙwayar gero ba.

Yana da kyau mai awo ya san abin da ke cikin wannan ɗan nama. A sama akwai siraran jijiyoyi masu lanƙwasa kamar kan allurar gashi, waɗanda ke ciyar da fatar kanta. Ƙarƙashinsu akwai ragar ƙananan jijiyoyi masu kawo jini da masu mayar da shi, kuma daga wannan raga ne mafi yawan siginar ke fitowa. A tafin hannu, tafin ƙafa, leɓe da kunne akwai ƙarin wasu hanyoyin yanke da ke haɗa jijiya mai kawowa da mai mayarwa kai tsaye, aikinsu fitar da zafin jiki. Shi ya sa ƙafar mai ciwon sukari da jijiyoyin saƙonsa suka mutu za ta iya yin ɗumi, ta ba da PU mai yawa, alhali siraran jijiyoyin da ke ciyar da fatar suna cikin yunwa, jinin yana bin hanyar yanke yana wucewa. Na'urar ba ta bambance waɗannan biyun. Wannan gazawar dabarar ce gaba ɗaya, kowane kamfani ya ƙera.

Abin da ya fi burge mu a ƙirarta shi ne rarrabe sassa. Babban akwatin, PF 5001, yana da gurbi huɗu, kowanne a zura masa abin da ake bukata: PF 5010 shi ne na leza, PF 5020 na hita da awon zafin fata, PF 5050 na awon matsin ɗamara da sassauta ta, PF 5040 kuma na awon iskar oksijin da ke ratso fata. Mai binciken yadda jijiyoyi ke daidaita kansu, mafi ƙarancin abin da zai wadatar da shi shi ne na leza biyu da hita ɗaya, domin dole a sami wuri na biyu da ba a taɓa ba don kwatance. Na leza ɗaya tilo, ba hita, ba ɗamara, layi ne kawai mai hawa da sauka a allo da ba za a iya fassara shi ba.

Wajen zaɓen kan awo ma a nan ake yawan yin kuskuren saye. Mai lamba 407 ƙarami ne, miƙaƙƙe, ba ya ɗumama fata. Mai lamba 457 ƙarami ne shi ma, amma da hita a jikinsa, kuma shi ne ya fi dacewa da yatsa da ƙwaurin hannu. Mai lamba 413 yana tattara haske daga wurare da dama a lokaci ɗaya ya ba da matsakaici, abin da ke rage babbar matsalar da za mu zo kanta. Da za a tambaye mu guda ɗaya, 457 za mu ce. Idan da hali a ƙara 413.

Saitin ma'auni

Na'urar na zuwa da 'yar kwalba mai ruwa fari-fari, cike da ƙananan ƙwayoyin roba da ke ta motsi da kansu saboda zafin ruwan. Ana tsoma kan awo a ciki a saita shi kan PU 250, sannan a saita sifiri. Aikin minti kaɗan ne, amma abubuwa huɗu ke lalata shi. Ɗan kumfa da ya maƙale a bakin zaren yana rage lambar. Kan awo da ya jingina da gindin kwalba ko gefenta yana ganin gilashi maimakon ruwa. Tebur mai girgiza, misali idan janareta na kusa da bango, yana ƙara motsin da ba na ƙwayoyin ba. Sai zafin ruwan kansa: motsin ƙwayoyin yana ƙaruwa da zafi, don haka kwalbar da ta wuni a ɗaki mai digiri 35 ba za ta ba da abin da za ta bayar a digiri 22 ba. A bar ta ta zauna a ɗakin awo har ta ɗauki sanyinsa. Ruwan yana da ranar ƙarewa, kuma idan aka bar murfin a buɗe yakan ƙafe ya yi kauri. Saitin na kan awo ne tare da gurbin da aka sa shi, idan aka musanya su sai an sake. A kunna na'urar kamar minti 20 kafin a fara komai, hasken ya daidaita.

Shirya ɗaki da shirya mutum sun fi saitin wuya. Fata ita ce fankar jiki. Mutum a zaune cikin ɗaki mai daɗi, jinin da ke zuwa fatarsa duka bai fi kamar mililita 250 a minti ba, amma in zafi ya kai masa iya wuya yakan kai lita 7 zuwa 8. Gaɓar da ke da irin wannan faɗin sauyi ba a auna ta a ɗakin da zafinsa ke yawo. Ana son digiri 22 zuwa 24, mutum ya kwanta ko ya kishingiɗa minti 20 zuwa 30 kafin a ɗauki komai, hannunsa daidai da tsayin zuciya. Kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ko ta fanka ta buga hannun kai tsaye, domin tana sanyaya fata tana kuma kaɗa zaren. Wanda ya shigo daga ranar bazara ta Sakkwato ko Maraɗi, minti 20 ba lallai ya ishe shi ba, a duba zafin fatarsa a allo har ya daina sauka. Wanda ya yi alwala yanzu da ruwan randa, shi ma a jira.

Tambayoyin da ake yi wa mai sa kai sai an gyara su su dace da mutanenmu. Takardun waje sukan ce a guji kofi da taba na sa'o'i 12. A nan dole a ambaci goro da sunansa, domin akwai sinadarin kafin, irin na kofi, a cikinsa, kuma dattijo ba zai lissafa shi cikin abin da aka hana ba. Haka shayi mai kauri da shisha. A tambayi man shafawa: da yawa daga mayukan sauya launin fata suna ɗauke da sinadarai irin su kulobetasol da betametason, waɗanda ke tsuke ƙananan jijiyoyi, kuma in an daɗe ana shafawa su sirantar da fatar. Man zafi mai mentol kuwa akasin haka yake yi, yana ƙara gudun jini a wurin. A tambayi asfirin da magungunan ciwon jiki irin su aibufurofen da dikulofenak. Ga mata a rubuta ranar al'ada da maganin tazarar haihuwa, domin sinadaran jikin mace suna taɓa amsar jijiyoyin fata. A zaɓi fatar da ba lalle, ba tabo, ba gashi mai yawa, ba kuma babbar jijiya kore a ƙasa. In sai an aske, a yi tun jiya, don askin kansa yana tayar da jini.

Gwajin ɗumama fata

A nan ne PeriFlux ke biyan kuɗinta. Ana manna kan awo 457 a cikin ƙwaurin hannu da tef mai manne fuska biyu, ba tare da dannawa ba, domin ɗan matsi kaɗan yana rage gudun jinin da ake son aunawa. A lanƙwasa zaren a hankali a manna shi da filasta a kan hannun da kuma gefen gado, yadda ko mutum ya yi tari ba zai yi lilo ba. A rufe da baƙin ƙyalle in akwai hasken rana a ɗakin. A riƙe hita kan digiri 33 na minti 10 zuwa 15 don samun matakin tushe. Sannan a hau zuwa digiri 42, da saurin rabin digiri a kowane daƙiƙa biyar.

Abin da ke bayyana a allo yana da siffa tasa da ba a mantawa. Cikin minti uku zuwa biyar layin yana harbawa sama. Sai ya ɗan sauko, ya yi kwari. Sai ya sake hawa a hankali, har bayan minti 25 zuwa 30 ya kwanta a sama ya miƙe. Aikin Minson da abokan aikinsa na 2001 ne ya rarrabe ma'anar waɗannan. Hawan farko na jijiyoyin ji ne: zafi ya taɓa su, su kuma suka saki sinadaran da ke buɗe jijiyoyin jini na kusa ba tare da saƙon ya je ƙwaƙwalwa ba, kuma in an shafa man kashe zafi a wurin, hawan yakan ragu ƙwarai. Miƙewar ƙarshe kuwa mafi yawanta, kusan kashi biyu cikin uku, ta dogara ne da naitirik oksaid, sinadarin buɗe jijiya da shimfiɗar cikin jijiyar jini ke fitarwa. Gwaji ɗaya ke nan, amma yana ba da labarin abu biyu daban. Daga baya an nuna cewa tsayawa a digiri 39 maimakon 42 yana sa rabon naitirik oksaid a miƙewar ya fi fitowa fili, don haka mai neman lafiyar shimfiɗar jijiya zalla yana iya zaɓar 39.

Bayan miƙewa sai a ƙara zuwa digiri 43 ko 44 na wasu minti 20, a buɗe jijiyoyin iya buɗuwarsu. Wannan mataki shi ke ceton awon duka. Ga dalili. Jijiyoyin ƙwaurin hannu ba a jere suke daidai ba. A matsar da kan awo milimita biyu ko uku, lambar na iya ninkawa ko ta rabe biyu, don wannan karon ya faɗa kan jijiya mai hawowa, wancan karon ya faɗa tsakaninsu. Saboda haka PU na mutum ɗaya yau da na jibi ba sa jituwa, balle na mutum biyu. Maganin shi ne a mayar da kowace lamba kaso na iyakar buɗuwar wannan wurin. Tukuna ma sai an cire tasirin hawan jini, a raba PU da matsakaicin hawan jinin. Misali, mai awon jini 120 bisa 75 matsakaicinsa 90 ne, wato 75 a ƙara sulusin tazarar da ke tsakanin lambobin biyu. In tushensa PU 18 ne, an sami 0.2. In a digiri 44 ya kai PU 180, an sami 2.0. Tushen ya zama kashi 10 cikin ɗari na iyaka. In miƙewar digiri 42 ta tsaya a 162, kashi 90 ke nan. Waɗannan kason ne ake kwatantawa. A auna hawan jinin a ɗaya hannun, kowane minti biyar ko goma.

Wannan gyara ma yana da rami. In cuta ta rage iyakar buɗuwar kanta, kamar yadda ake gani a tsufa da hawan jini da ciwon sukari, to kason zai fito da kyau alhali jijiyoyin ba su da lafiya, domin an raba ƙarami da ƙarami. A kawo lambobin biyu a rahoto, na kaso da na asali.

Abubuwan da ke ɓata gwajin ɗumi sanannu ne. In aka hau da sauri har mutum ya ji zafi mai ciwo, amsar ta sauya hanya, miƙewar ba ta ƙara dogara da naitirik oksaid kamar da, don haka a riƙa tambaya, in ya ce ya ji zugi a rubuta a ajiye wannan awon gefe. In aka hau a hankali ƙwarai, hawan farko yakan dushe ko ya ɓace. In aka zarce da ɗumi kusan sa'a guda, layin yakan fara gangarowa da kansa. In aka sake ɗumama wuri ɗaya bayan sa'a ɗaya ko biyu, amsar ta biyu takan gaza ta farko. Wannan na ƙarshe shi ya sa ɗaukewar wuta a tsakiyar gwaji ke da tsada: gwajin yana cin fiye da sa'a guda, in ya katse sai a koma wani wurin a fara daga tushe. Batir mai riƙe wuta da zai ɗauki na'urar da kwamfutar tare, a lissafa shi cikin kuɗin saye tun farko. Ga mai ƙafar da ba ta ji ko wadda jini ba ya isa, digiri 44 na tsawon lokaci yana iya ƙona fata ba tare da ya sani ba, domin babu isasshen jinin da zai kwashe zafin. A taƙaita lokaci, a duba wurin bayan an cire.

Gwajin toshe jini ya fi sauri. A ɗaura ɗamara a dantse, a hura ta ta wuce lambar sama ta hawan jinin mutum da milimita 50, a riƙe minti uku zuwa biyar, a sake ta gaba ɗaya lokaci ɗaya. Jini yana rugowa, layin ya harba cikin 'yan daƙiƙu, sannan ya sauko a hankali. Ana duba tsayin ƙololuwa, lokacin da aka ɗauka kafin a kai ta, da faɗin filin da ke ƙarƙashin layin. Sakin ɗamara da hannu a hankali yana ɓata lokacin ƙololuwa, kuma a nan PF 5050 ke da amfani. Kuskuren da ya yaɗu shi ne kiran wannan gwajin naitirik oksaid. A fata ba haka ba ne. An toshe naitirik oksaid an ga amsar ba ta sauya sosai ba, jijiyoyin ji da wasu hanyoyin buɗe jijiya ne suka fi ɗaukar nauyin. Wani abin lura: lokacin da ɗamara ke ɗaure, lambar ba ta kaiwa sifiri, takan tsaya a 'yan PU kaɗan saboda motsin ƙwayoyi a cikin nama da jinin da ke kai-komo a rufaffiyar jijiya. A rubuta wannan ragowar. Inda gudun jini yake ƙasa ƙwarai, kamar ƙafa mai sanyi, tana iya zama babban kaso na abin da aka auna.

Tura magani da lantarki kuwa, wato ayontoforesis, sai an sayi PeriIont daban, da kofunan magani da ake yarwa bayan amfani. Asetilkolin kashi 1 ko 2 cikin ɗari ana tura shi ta sandar lantarki mai alamar tarawa, yana aiki ta shimfiɗar jijiya. Sodiyom naitirofurusaid kashi 1 ana tura shi ta mai alamar ɗebewa, yana sassauta tsokar jijiya kai tsaye, kuma haske yana lalata shi, sai an naɗe kwalbarsa. Ana lissafin abin da aka tura da ƙarfin wuta a ninka da lokaci: miliamfiya 0.1 na daƙiƙa 20 ya ba da milikulom 2. Matsalar ita ce wutar kanta, ko ba magani, tana buɗe jijiyoyi, musamman a sandar ɗebewa da kuma in an narka maganin a tataccen ruwa zalla. Dole a yi wuri na biyu da ruwan kaɗai. Busasshiyar fatar hunturu tana ƙin wuta fiye da ta damina, don haka adadin maganin da ya shiga yana bambanta ko da lissafin ɗaya ne. A ganinmu, ɗakin binciken da ke farawa ya ƙware a ɗumi da ɗamara tukuna kafin ya kashe kuɗi a nan.

Baƙar fata fa? Tambaya ce da ta dace. Melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, yana shanye haske, amma ya fi shanye gajeren zango. Na'urorin farko sun yi amfani da jan leza mai nanomita 633; 780 na wannan ya fi ratsa fata mai duhu. Duk da haka hasken da ke dawowa yana raguwa, kuma ana ganin haka a lambar TB, wadda ke nuna jimlar hasken da ya dawo. Na'urar tana gyara lissafinta da wannan, amma in hasken ya yi ƙasa sosai siginar takan yi ƙura. A riƙa nuna TB a allo tare da PU, a zaɓi cikin ƙwaurin hannu ko tafin yatsa inda launi ya fi sauƙi, kuma kada a kwatanta PU zalla tsakanin masu launi daban. A ɗaya ɓangaren, a kan baƙar fata ne na'urar ta fi yin rana. Jan da likitan Turai ke gani da ido ya ce jini ya taru, a fatarmu sau da yawa ba ya fitowa, amma a allo yana fitowa sarai.

In aka bar kan awo ya zauna shiru minti 20 ko 30, za a ga layin yana kaɗawa da kansa, kaɗawa cikin kaɗawa. Akwai ta bugun zuciya, kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Akwai ta numfashi. Akwai ta tsokar jijiya, kamar sau shida a minti. Akwai masu jinkiri fiye da haka da ake dangantawa da jijiyoyin saƙo da shimfiɗar jijiya, waɗanda zagaye ɗaya nasu ke cin rabin minti zuwa fiye da minti ɗaya. Mai son ganin masu sauri sai ya sa tacewar siginar a mafi gajarta, 0.03 na daƙiƙa, domin tacewa mai tsawo tana goge bugun zuciya. Wannan fanni yana da alaƙa ta kai tsaye da sikila: tun 1984 Rodgers da abokan aikinsa a Amurka suka nuna da irin wannan dabara cewa gudun jini a fatar masu sikila yana kaɗawa da ƙarfi kowane daƙiƙa 7 zuwa 10. Ga yankin da ke ɗauke da masu sikila da yawa kamar namu, wannan kaɗai dalili ne na samun na'urar a asibitocin koyarwa. Akwai kuma gwajin jan dogon numfashi: a manna kan awo a tafin yatsa mai ɗumi, mutum ya ja numfashi da ƙarfi sau ɗaya, cikin daƙiƙu kaɗan layin ya faɗi ya dawo, saboda jijiyoyin saƙo sun tsuke hanyoyin yanke. In sun lalace faɗuwar ba ta zuwa, kuma an yi amfani da wannan wajen gano lalacewar jijiya a masu kuturta da masu ciwon sukari. In yatsan ya yi sanyi jijiyoyin sun riga sun tsuke, ba abin da zai faɗi, sai a ɗumama hannun tukuna.

A asibitin ƙafa, haɗin leza da ƙaramar ɗamara yana ba da hawan jinin babban yatsan ƙafa: a hura har siginar ta ɓace, a sassauta a hankali, inda ta dawo nan ne awon. Ya fi awon idon sawu aminci ga mai ciwon sukari, wanda manyan jijiyoyinsa kan sandare su ƙi matsuwa su ba da lamba mai yawa ta ƙarya. Ƙasa da milimita 30 a yatsa alama ce gyambo zai yi wuyar warkewa ba tare da an buɗe hanyar jini ba. Sashen oksijin yana ƙara haske, amma yana cin kayan da ake sauyawa, wato 'yar ledar bakin awo, zoben mannewa da ruwan haɗi, kuma kowane wuri sai ya zauna minti 15 zuwa 20 a digiri 44 kafin ya daidaita.

Inda ba za ta yi ba shi ne duk aikin da ke bukatar hoton fili: faɗin ƙuna, gefen gyambo, ko yatsu biyar a lokaci ɗaya. Wannan na kyamarar leza ne, irin PeriCam PSI ta kamfanin ko moorFLPI ta Moor Instruments na Ingila, waɗanda ke ɗaukar fili mai faɗi ba tare da taɓa fata ba, kuma awonsu a ƙwaurin hannu ya fi maimaituwa daga rana zuwa rana. Sai dai sun fi tsada, ba sa shiga zurfi kamar ta, kuma ɗan motsin hannu yana ɓata hoton duka. Mai son ganin siffar siraran jijiyoyi da ido, kamar a gindin farce, madubin ƙara girma yake bukata, ba leza ba.

Manhajar PeriSoft tana aiki a Windows, tana ɗaukar layi, a sa alama, a fitar da matsakaici tsakanin alamomi biyu, kuma wannan ya isa ga ɗumi da ɗamara. Rarrabe kaɗawa sai an fitar da lambobin zuwa wata manhajar. A sa mutum ɗaya aikinsa kawai danna alama duk lokacin da mai sa kai ya yi magana, ya yi hamma, ko waya ta yi ƙara, domin kowannensu yana tsuke jijiyoyin yatsa, kuma bayan wata guda ba wanda zai tuna dalilin wannan faɗuwar.

Mai sayen ta hannu, abin da ya fi mutuwa shi ne zaren kan awo, ba akwatin ba. Zaren gilashi ne, in an naɗe shi da ƙarfi ko an taka shi da ƙafar kujera yakan tsage a ciki ba tare da robar waje ta nuna ba. A tsoma shi a sabon ruwan saiti, a ga ko yana kaiwa 250 ya tsaya, sannan a murza zaren a hankali daga wannan kai zuwa wancan ana kallon TB. Inda lambar ta faɗi kwatsam, nan tsagewar take. A sa hita kan digiri 44 a gwada da wani ma'aunin zafi daban. A tabbatar an haɗo da wayar kwamfuta da lasisin manhaja, a kuma tambayi wakilin kamfani ko har yanzu ana samun kan awo, tef da ruwan saiti na wannan samfurin, da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su iso, domin dukkansu daga waje ake kawo su, kuma ruwan saitin ba ya jure doguwar ajiya a sito mai zafi.